Fiffiken jirginmu ya bugi motar abinci muna ciki: wa ke da laifi?

Umman_Sadiya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai tun dawowata daga gida makonni biyu da suka wuce, kuma na san a cikinmu akwai masu aiki a filayen jiragen sama, shi ya sa na kawo ta nan. A hanyarmu ta dawowa Jidda mun ya da zango a wani filin jirgi, muka canza jirgi. Bayan an rufe ƙofa an tura mu baya, jirgin ya fara tafiya a hankali a ƙasa yana neman titin da zai tashi, sai muka ji ƙara kamar an ja ƙarfe a kan kwano, jirgin ya girgiza ya tsaya cak. Kujerata tana jikin taga ta hannun dama, don haka da idona na ga bakin fiffiken ya shige saman akwatin wata motar kawo abinci, irin mai ɗagawa sama ɗin nan, har wani ɓallin ƙarfe yana reto. Direban ya fito ya ɗora hannu biyu a ka, matashi ne da bai wuce sa'an ƙanena ba. Babu wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, amma an sauke mu, ni da yara biyu muka kwana a kan kujeru har aka samo wani jirgin. Tun a wurin fasinjoji suka rabu biyu, wasu suna cewa matuƙi ne bai duba ba, wasu suna cewa direba ne ya yi ganganci. To a fili mai faɗi irin wannan, da rana tsaka, ta yaya jirgi zai yi karo da mota? Kuma a ƙa'ida wa ke da laifi?

Bakatsine_Makka

Wa alaikumus salam, Hajiya, barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Ni a ganina maganar ba ta da tsawo. Filin na jirgi ne, mota baƙuwa ce a cikinsa, kuma mai ƙaramin abin hawa shi ne zai kauce wa babba. Direban da ya ga jirgi ɗauke da ɗaruruwan rayuka yana tahowa bai matsa ba, babu wani uzuri da zai kawo.

Direban_Fili

Hajiya, sannu da wannan jarrabawa. Shekara tara ke nan ina tuƙi a cikin filin jirgi, na fara da motar jan kaya, yanzu ina kan bas ɗin da ke kai fasinjoji bakin jirgi, saboda haka zan faɗi abin da na sani.

A kan doka, Alhaji Bakatsine ya yi gaskiya. Ƙa'idar da ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta shimfiɗa, wadda hukumar sufurin jiragen sama ta Saudiyya da takwarorinta suke bi, ita ce kowace mota ta ba jirgi hanya, ko yana sauka, ko yana tashi, ko yana tafiya a ƙasa, har ma wanda ake ja da mota. Lasisin tuƙi na gari ba ya isa mutum ya shiga ciki da mota, sai ya yi horo ya ci jarrabawa an ba shi izini na musamman. Hanyarmu farin layi ce, ta jirgi kuwa layi ne mai ruwan ɗorawa, kuma duk inda tamu ta ratsa tasa dole ka tsaya cak, ka duba dama da hagu, ko da ba ka ga komai ba. Idan ka ga jar fitila tana walƙiya a sama da ƙarƙashin cikin jirgi, ma'anarta injin yana aiki ko ana shirin tayar da shi, ba ka kusantarsa, ba ka kuma bi ta bayansa.

Amma akwai abin da zan tambaye ki, Hajiya: motar tana tafiya ne ko tana tsaye? Wannan shi ne abu na farko da masu bincike za su duba. Idan tana tsaye a cikin layin da aka ware wa kayan aiki, to ba ita ta je inda jirgi yake ba, jirgin ne ya bar layinsa ko aka bi da shi ta hanyar da ta yi masa kaɗan. Idan kuma ta tsallake layin ko da taku biyu ne, laifi ya koma kan wanda ya ajiye ta, sannan a tambaya ko shi ya ga dama ko kuwa wurin ne ya cika aka ce ya tsaya a nan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a farfajiyar da jirage ke tsayawa, a yawancin filaye hasumiyar da ke ba jirage umarni ba ta bin motoci ɗaya bayan ɗaya. Ido ne da layi kawai ke raba mu da jirgi.

Injiniya_Riyad

Ina so in ƙara a kan bayanin Malam Direba ta ɓangaren matuƙi, domin masu cewa "bai duba ba" suna auna jirgi ne da mota. Faɗin fukafukan Boeing 777-300ER daga wannan baki zuwa wancan ya kusa mita 65, na Airbus A380 kuwa ya kusa mita 80. Matuƙi yana zaune can gaba a sama, fukafukan kuma suna can baya sun karkata, ta yadda a manyan jirage da yawa ba ya iya ganin bakinsu daga kujerarsa. Abin da yake yi shi ne ya ɗora tayar gaba a kan layin nan mai ruwan ɗorawa, ya dogara da cewa waɗanda suka zana layin sun auna, kuma waɗanda ke ƙasa sun bar masa sarari. Wani abin kuma, saboda karkatar fukafukan, idan jirgi yana kwana bakin fiffiken waje yana buɗewa ya share fili fiye da yadda mai kallo zai zata, shi ya sa motar da take kamar ta tsira sai a ga an taɓa ta a tsakiyar kwanar.

Sannan a tuna da nauyi. Irin wannan jirgi idan ya cika yana kai wa tan 350, tayoyinsa ba su da alaƙa da inji, iskar injin ce ke tura shi, ba shi da giyar baya, ba shi da madubin gefe. Ko da yake a miƙaƙƙiyar hanya ba a so ya wuce kimanin kilomita 55 a sa'a, a kwana kuma ƙasa da 20, idan aka taka birki da ƙarfi ma'aikatan da ke tsaye a ciki su ne za su fara jin jiki. Ban ce matuƙi ba ya kuskure ba, amma duk lokacin da ya yi shakkar sarari, abin da aka koya masa shi ne ya tsaya ya nemi a turo masu tafiya a gefen fiffike su duba masa.

Umman_Sadiya

Malam Direba, gaskiya ba zan iya rantsuwa ba, amma a ganina tana tsaye, domin ban ga ta motsa ba kafin ƙarar. Injiniya, na gode. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, ɓarnar ba ta fi tsawon hannu ba. Wasu fasinjoji har faɗa suka yi da ma'aikata suna cewa a ɗaure wurin mu tafi.

Injiniya_Riyad

Hajiya, da sun san abin da suke nema da ba su nema ba. Man jirgi a cikin fukafukan yake, kuma bugun da aka yi a baki yana iya tsaga wani abu can ciki inda ido ba ya kai wa. Sababbin jirage irin su Boeing 787 da Airbus A350 ma sun fi wuyar sha'ani, domin yawancin jikinsu ba alminiyam ba ne da zai lotsa a gani, wani haɗi ne na zaren kabon wanda zai iya komawa daidai a waje alhali ya rabu a ciki, sai an sa na'ura ake ganewa.

Ga misali. A watan Disamba na 2005, a birnin Siyatil na Amurka, motar lodin kaya ta gogi jikin wani jirgin Alaska Airlines ƙirar MD-83, mai tuƙa ta bai sanar ba a lokacin. Jirgin ya tashi, da ya kai kimanin ƙafa 26,000 sai wurin ya ɓalle ya zama rami mai tsawon kusan ƙafa ɗaya, iskar cikin jirgin ta fice, fasinjoji suka sa abin shaƙar iska, matuƙa suka juyo da shi da gaggawa. Allah ya sa ba a rasa rai ba. A wurinmu masu gyara, karon da kowa ya gani irin naku ya fi sauƙi, domin dole a tsayar da jirgi. Wanda ke hana mu barci shi ne wanda aka yi shi a ɓoye, ba a faɗa ba.

Baba_Na_Jarwal

'Ya'yana, ku ba ni dama in sa baki. Ina ƙasar nan ta Saudiyya ranar 11 ga Yuli 1991, lokacin da jirgin alhazai da ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta, ya juyo bai kai titi ba ya faɗi, mutum 261 suka rasu, babu wanda ya fita. A cikinsu akwai waɗanda muka ci abinci tare a Makka kwanaki kaɗan kafin nan. Bincike ya nuna wasu tayoyin ba su da isasshiyar iska, an kuma lura da haka tun a ƙasa, amma aka saki jirgin don kada a makara, tayoyin suka fashe yana gudu a kan titi, aka naɗe su cikin jirgi da wutarsu. Tun daga ranar ban ƙara jin haushin jinkirin jirgi ba. Umman Sadiya, kwanan kujerar nan da kika yi rahama ce. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Abu_Hanifa_Madina

Amin, Baba, Allah ya gafarta musu. Ko da yake wancan hatsarin na taya ne ba na karo ba, tushensu ɗaya, wato gaggawar da ake yi a ƙasa.

Ina so in ja hankali kada a ɗauka karo da mota kullum a kan lotsewar ƙarfe yake tsayawa. Ranar 18 ga Nuwamba 2022, a birnin Lima na ƙasar Peru, jirgin kamfanin LATAM ƙirar A320neo yana gudu zai tashi, motar kashe gobara da ke atisaye ta shigo titin, suka yi karo, jirgin ya kama da wuta. Duk mutanen cikinsa sun tsira, amma 'yan kwana-kwana biyu sun rasu nan take. Ku lura, waɗannan mutane ne da aikinsu shi ne ceton rai, abin da ya lalace shi ne fahimtar juna tsakanin masu atisayen da hasumiya. Mafi muni da na sani shi ne na Omsk a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ranar 11 ga Oktoba 1984, inda jirgi ƙirar Tu-154 ya sauka a kan motocin da ke busar da titi, mutum 178 suka mutu. Jami'in da ya ba motocin izinin shiga barci ya kwashe shi. Alhaji Bakatsine, a wannan wa za a ce ya kauce? Direbobin da izini suka shiga.

Direban_Fili

Malam Abu Hanifa ya kai mu wani sashe dabam, kuma ya kamata a bambanta. Titin tashi da sauka da hanyoyin da jirgi ke bi zuwa gare shi, babu motar da ke shiga sai da oba-oba da izinin hasumiya, kuma duk abin da aka faɗa maka sai ka maimaita shi da bakinka kalma bayan kalma, domin idan ka ji ba daidai ba a gyara maka. Kafin titin akwai layi huɗu masu ruwan ɗorawa, biyu a haɗe biyu a yanyanke, da jan allo mai farin rubutu, a wasu filayen har da jerin jajayen fitilu a ƙasa. Ko an ce ka wuce, muddin fitilun nan suna kunne ba ka tsallakawa.

Zan faɗi abin da ya taɓa faruwa da ni, domin kada a ce ina kare abokan aikina ne kawai. A wani lokacin jigilar alhazai, wajen ƙarfe uku na dare, na yi sawu ya fi goma, an kira ni a waya ana cewa fasinjoji sun taru ana jiran bas. Na iso mararrabar da hanyarmu ta ratsa ta jirgi, na rage gudu amma ban tsaya cak ba, domin na duba ban ga komai ba sai fitilu birjik, shuɗi da kore da fari, ga hasken manyan fitilun farfajiya yana dukan gilashi. Ina cikin ratsawa sai na ga wata koriyar fitila a sama tana matsowa ta gefena, ashe ta bakin fiffike ce, ana jan jirgi da mota ba tare da ƙarar inji ba. Na taka mai na fice, ban san tazarar da ta rage ba, amma na ga inuwarsa ta rufe madubina. Da na tsaya ƙafata rawa take yi a kan birki. Babu wanda ya gani, amma da safe na je na rubuta rahoto da kaina, aka dakatar da izinina na ɗan lokaci na sake horo. Laifina ne, ban musa ba. Sai dai wanda ya tsara aikin da mutum ɗaya zai yi sawu goma sha a dare guda, shi ba a kira shi ba.

Dan_Omdurman

Mu da muka tashi a Sudan mun san habub, ƙurar da ke tasowa kamar bango ta rufe Khartoum har mutum bai ga hannunsa ba, kuma a Riyad ma ana samun irinta. A irin wannan yanayi maganar "ido da layi" ba ta wadatarwa. Akwai na'urar rada ta ƙasa da ke nuna wa hasumiya kowane jirgi, da ƙananan na'urori da ake liƙa wa motoci domin su ma su fito a allo da lambarsu. A filin Linate na Milan, ranar 8 ga Oktoba 2001, jirage biyu sun yi karo cikin hazo, mutum 118 suka mutu, kuma a lokacin filin ba shi da radar ƙasa mai aiki. A Mosko kuma, a watan Oktoba na 2014, ƙaramin jirgin da ke ɗauke da shugaban kamfanin mai na Total, Christophe de Margerie, ya bugi motar share dusar ƙanƙara yana shirin tashi da dare, shi da ma'aikatan jirgin uku suka mutu. Ni ina ganin kuɗin da ake kashewa wajen ƙawata zauren fasinjoji, da an karkatar da wani kaso zuwa waɗannan na'urori da ya fi amfani.

Bakatsine_Makka

Na karanta duka, na kuma ƙaru, musamman da bayanin Injiniya. Na janye cewa kullum direba ne. Amma ina tsoron kada mu yi ta rarraba laifi har ya zama babu mai shi. Malam Direba da kansa ya ce bai tsaya cak ba, kuma da an yi karo a daren nan, gajiyarsa ba za ta dawo da ran kowa ba. Na'ura tana da kyau, tsarin aiki yana da kyau, amma a ƙarshe ƙafar mutum ɗaya ce a kan birki, kuma amana ce a wuyansa.

Hajiya_Maimuna_Jidda

Alhaji, babu mai musun amana, amma ina roƙo a dubi halin da ma'aikacin ƙasa yake ciki. Maigidana ya yi shekaru yana lodin kaya a ƙarƙashin wani kamfanin kwangila kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Yakan dawo rigarsa ta jiƙe sharkaf, domin zafin kwalta da rana a nan ba sai an faɗa wa kowa ba, ga toshe kunne da suke yi saboda ƙarar inji, wanda ke sa ko jirgi na bayanka ba lalle ka ji ba. Ya taɓa ba ni labarin wani abokin aikinsu da motarsa ta gangara ta taɓa jikin jirgi saboda ya manta bai sa weji ba. Yaron ya tsaya yana kuka yana roƙon su rufa masa asiri, domin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannun kamfanin take, yana da iyaye da yake aika wa kuɗi, kuma ya san abin da zai biyo baya. Maigidana ne ya kama hannunsa suka je suka faɗa, ya ce masa ba zai iya kwana da sanin jirgi ya tashi da mutane a haka ba. An gyara jirgin, yaron kuma bai ƙara wata guda a aikin ba. To ku gaya mini, sauran da suka ga yadda aka yi da shi, gobe idan ta same su za su faɗa? Abin da Injiniya ya ce yana hana su barci, ga inda ake haifar da shi.

Injiniya_Riyad

Hajiya Maimuna, Allah ya saka wa maigida da alheri, ya ba shi lafiya. Wannan matsala sananniya ce a harkar, shi ya sa ƙa'idar binciken hatsari ta ICAO ta ce manufar bincike ita ce hana aukuwar irinsa, ba ɗora laifi ba. Kamfanonin da suka fahimta suna bambanta kuskuren da mutum ya kai kansa ya faɗa da ganganci ko ɓoyewa, na farko a ƙara masa horo, na biyu a hukunta shi. Inda aka haɗa su a hukunci ɗaya, rahoto yana raguwa a takarda, shugabanni su ɗauka an samu ci gaba.

Dalibi_Ummul_Kura

Ina neman afuwar manya, ina so in dawo da mu kan tambayar Umman Sadiya. Tun da ta ce a ganinta motar tana tsaye, bai kamata a cire matuƙa daga lissafi ba. A watan Disamba na 2013, a Johannasbag, jirgin British Airways ƙirar 747 ya bi wata hanya da ta yi masa ƙunci da dare, fiffikensa ya yanki wani gini, ma'aikata huɗu da ke ciki suka ji rauni. Gini dai ba ya motsi. Don haka idan babban jirgi ne aka bi da shi ta hanyar da aka zana wa ƙanana, mota tana inda aka ce ta tsaya ma za a iya taɓa ta.

Umman_Sadiya

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Baba, na karɓi nasiharka. Har yanzu fuskar yaron nan da hannunsa a ka ba ta bar idona ba, kuma bayan labarin Hajiya Maimuna ina ta tunanin ko yana bakin aikinsa. Malam Direba, saura tambaya ɗaya. Mu da ake yawan kwasa a bas zuwa bakin jirgi, musamman lokacin Hajji da Umara, sau da yawa direba yakan tsaya a tsakiyar fili babu dalilin da muke gani, mutane su yi ta buga gilashi suna cewa ya tafi saboda cunkoso da zafi. Ashe jirgi yake jira?

Direban_Fili

Mafi yawan lokuta haka ne, Hajiya. Wani lokaci jirgin yana can nesa ku ba ku lura da shi ba, wani lokaci kuma ya riga ya wuce, muna jiran ya yi nisa ne domin iskar bayan injinsa tana iya kifar da mota. Haka kuma ba ma buɗe ƙofa a bakin jirgi sai ma'aikacin ƙasa ya ba da alama. Idan kuna ciki aka tsaya, ku riƙe yara, ku kuma taya mu ba mutane haƙuri, domin bugun gilashin nan yana shiga kan direba fiye da yadda kuke zato. Game da yaron kuwa, idan kin tuna ko akwai wani jan layi a ƙasa kusa da tayoyin motar, da kuma ɓangaren da tayoyin suke, ki faɗa mini.